Mutumin da Bai Taɓa Wuce Shinge Ba

"Famfon nan nawa ne, 'yata. In na ce masa yau ba shi da lafiya, to ba shi da lafiya."

"Barba, so kake a kore ka da furfurarka?"

"Wa zai kore ni? Manajan nan ni na riƙe shi ranar da aka yi masa baftisma. Har fitsari ya yi mini a hannun riga."

Maruso ta so ta yi dariya, amma ba ta yi ba. Suna tsaye ne a 'yar inuwar tankar mai, a ɓangaren filin jirgi inda jiragen attajirai ke tsayawa, iskar arewa tana fizgar rigunansu masu ƙyalli kamar za ta tuɓe su. Barba Nikitas, direban tankar, ɗan'uwan marigayi mahaifinta ne (Barba a yarensu shi ne baffa), kuma tun safe yake bin ta da maganar nan guda. Bai ma ɓoye mata inda ta fito ba. Mahaifiyarta, Kiriya Annezo, ita ta kira shi tun kafin ta ɗora tukunya, ta ce masa in dai jinin gidansu yana gudu a jikinsa, yau ya kawo mata mutumin nan gaban teburinta ko da a ɗaure.

Dabarar ba ta da wuya, kowa a filin ya san ta. A watan Agusta tsibirin nan nasu ba shi da wurin da jirgin attajiri zai kwana. Sai dai ya sauka, ya ajiye mutanensa, ya sha mai, ya tashi kafin awa ta cika, ya je Atina, babban birni, ko wani gari ya jira a neme shi. Wanda ya yi sake lokacin tashinsa ya wuce, ƙarshen layi zai koma, hasumiyar kula da jirage ba ta sake waiwayarsa sai bayan awanni. Su kuwa matuƙan jirgin da ake jira yau tun asuba suke sama, sun kusa cinye awannin da doka ta yarda mutum ya yi yana tuƙi. In famfo ya ɗan yi gardama, magana ta ƙare: a ja jirgin zuwa lungun 'yan kwana-kwana, manaja ya yi ihunsa ya gaji, matuƙa su kwana a tsibiri. Mataimakin kyaftin a cikinsu kuma shi ne Argiris, mutumin da mahaifiyarta take nufi.

Bazara uku ke nan Maruso tana son mutumin da bai taɓa taka ƙasar tsibirinta ba, in ba kwaltar filin jirgi ba. Aikinta tarbar ƙananan jirage. Ita ke tsayawa a gabansu da sanduna biyu a hannu tana nuna musu inda za su tsaya, ita ke sa waigi, abin tokare, a ƙarƙashin taya, kuma ita ke cire shi ta ɗaga musu hannu su tafi. A bazarar farko iska ta ƙwace masa hula, ta gangaro, Maruso ta taka ta da takalmin aiki don kar ta shiga injin wani. Ya ɗauka ya dubi sawun takalmin a kan farar hular, ya ce zai kai ƙara. Ta ce ya kai. Daga nan ne abin ya fara.

Doka ce matuƙi ya zagaya jirginsa da ƙafa kafin ya tashi, ya duba taya da fiffike da wutsiya. Wannan zagayen shi ne yawonsu. Wasu masoya suna da bakin teku da faɗuwar rana, su kuwa suna da inuwar fiffike da warin kananzir da ƙarar ƙaramin injin wutsiya, wanda ke sa dole duk kalmar so a faɗe ta da ƙarfi, baki daf da kunne. Yakan kawo mata abubuwa daga garuruwan da ya kwana: alewar da ta narke a aljihu, littafi da yaren da ba ta ji, wani ɗan dutse da ya rantse daga bakin wani kogi ya tsinto. Ta tara su a kan taga. Da sanyi ya shigo, mai jirgin kan kwashe su zuwa ƙasashe masu nisa, sai waya. Sau biyu ta hau jirgin ruwa cikin teku mai fushi ta je ta same shi a Atina, suka ci abinci a wani wuri da ake jin saukar jirage ta saman rufi. Kullum ita ce mai haye ruwa. Ba ta taɓa ƙirga wannan a matsayin wani abu ba, don tana son sa irin son da ba ya barin mutum ya yi ƙirga.

Amma ƙauye yana ƙirgawa. Matan unguwarsu sun raɗa masa suna Baƙon Shinge, don bai taɓa wuce shingen filin jirgi ba. In ta wuce gaban gidan burodi sai wata ta tambaye ta ko Baƙon Shinge yana da ƙafafu kuwa, ko daga ƙugu zuwa ƙasa taya ce.

Yau kuma jajiberin ranar Waliyyi Fanuriyos ne, bikin gidansu. Ɗan farin cocin da kakanta ya gina yana kan tudu, ana hango shi daga filin jirgi. Tun jiya aka yanka awaki, manyan tukwane suna tafasa a bayan cocin, duk wanda ya hau tudun da yamma sai an zaunar da shi an ba shi romo da nama da burodi, ko an san shi ko ba a san shi ba. Tun rasuwar mahaifinta Maruso ce ke riƙe ludayi. A gidansu kuwa, namijin da ke neman 'yar gida a nan yake nuna fuskarsa: ya kama kunnen tukunya tare da maza, ya zauna kusa da fada, limamin cocin, ya sha romo, tsofaffi su yi masa tambayoyin da suka ga dama. Mijin gwaggonta ya yi, har da wani Bajamushe da ya auri 'yar baffanta, wanda bai san ko kalma guda ta yarensu ba. Kiriya Annezo takan ce mutane suna roƙon waliyyin nan ya bayyana musu makullin da ya ɓace ko akuyar da ta ɓata, ita kuwa suruki take roƙo ya bayyana mata, don ta fara zargin 'yarta ce ta ƙago shi da kanta.

Argiris ya yi alkawari tun farkon bazara cewa bana zai ɗauki hutu ya zo. Shekaranjiya ya aiko cewa an hana shi, duk makon nan a tsare suke a Atina suna jiran umarni, ko nesa da otal ba su isa su yi ba. Amma zai sauka da baƙin mai gidansa da yammacin jajibere, ko ba komai ya ga fuskarta.

Maruso ba ta ce wa Barba Nikitas e ba, ba ta kuma ce a'a ba. Shi kuwa ya san irin wannan shirun, ya shafa gashin bakinsa ya hau tankarsa yana fito.

Oba-oba ta yi ƙara a kafaɗarta. Ta ɗaga kai ta hango jirgin ta wajen teku, ɗan fari kamar ƙwayar shinkafa, iska tana karkata shi yana gyarawa. Zuciyarta ta yi abin da ta saba yi, abin da bazara uku ba su rage masa ƙarfi ba. Ta fita tsakiyar kwalta ta ɗaga sandunanta. Jirgin ya taho yana rarrafe, hancinsa yana nufo ƙirjinta, ta bayan gilashi tana ganin fuskar Argiris da baƙin tabarau da murmushin nan na gefen baki. Ta haɗa sandunan a saman kanta, ya tsaya. Ta durƙusa ta cusa waigi gaba da bayan taya, ta danna shi da ƙafa fiye da yadda ake buƙata.

Ƙofa ta buɗe, matakala ta sauko. Baƙi suka fito: maza biyu da fararen riguna marasa guga, wata doguwar mata rungume da kare mai kama da hular sanyi. Babu wanda ya dubi Maruso, ita ma ba ta damu ba. Baƙar mota ta haɗiye su ta wuce. Sai Mirela, mai kula da baƙi a cikin jirgin, ta leƙo da buhun shara a hannu tana neman ƙanƙara da ruwan sha. Hancinta ya yi jawur yana saɓa.

Maruso ta karɓi buhun tana tsokanarta, ta ce wannan irin ƙuna ai ba a cikin jirgi ake samun ta ba. Mirela ta yi dariya ta ce ai sun huta kamar 'ya'yan sarauta. Mai gida yana kan jirgin ruwansa, ya sallame su gaba ɗaya, ya ce kar ya ji ɗuriyar kowa sai jiya. Kyaftin har gida ya je ya ga 'ya'yansa. Ita kuwa bakin teku ta tare har fatarta ta soyu. Tana cikin magana ta dubi fuskar Maruso, muryarta ta fara raguwa.

"Na ɗauka wajenki ya zo," in ji ta. "Na gan shi ya fita da jaka."

Maruso ta ce za a kawo ƙanƙarar. Ta ɗauki buhun sharar ta kai mota ta ajiye a hankali, kamar ƙwai ne a ciki. Ba ta ji zafi nan take ba. Wani irin sanyi ta ji, daga wuya zuwa tafin hannu, a tsakiyar ranar Agusta.

Argiris ya sauko yana gyara hula, ya kama gwiwar hannunta kamar kullum, suka fara zagaye. Yana duba taya yana ba ta labarin iskar da ta kusa juya su a kan teku. Ta bar shi ya gama. Da suka shiga ƙarƙashin fiffike ta matso da bakinta kusa da kunnensa, wurin da ta sha faɗa masa abubuwan da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ta tambaye shi ina ya je da jaka.

Bai yi mata ƙarya ta biyu ba, wannan kam ta ba shi. Ya cire tabarau. Ya ce tashar jirgin ruwa ya je. Ya sayi tikiti, yana nan a aljihun jakarsa in tana son gani. Ya tsaya a bakin ruwa yana kallon mutane suna hawa, motoci suna shiga, har aka ɗage ƙofa, jirgin ya tafi ya bar shi riƙe da kwalin alewar da ya saya wa mahaifiyarta. Washegari ya sake komawa, ya sake tsayawa.

"Me ya riƙe ƙafarka?"

"Maruso tawa, a nan na san ko ni wane ne a wurinki. A can kan tudu fa? Za su ce ɗan wa, ina gidanka, yaushe, a ina za ku zauna. Ni akwati ɗaya gare ni da kujerar mataimaki a jirgin wani. Me zan ce wa mahaifiyarki?"

"Bajamushe ya zauna a wurin nan, ko sannu bai iya ba."

"Shi ya sa ya iya. Bai ji abin da suke tambaya ba."

Da a wata rana ce, da ta yi dariya. Ya ga ba ta yi ba, sai ya yi sauri ya ciro abin da ya tanada. Ya ce jirgin babu kowa zai koma, ya riga ya yi wa kyaftin magana ya yarda. Ta tuɓe rigar aikin nan ta hau, kujerun fata duk nata, kafin rana ta faɗi suna Atina, su ci kifi a bakin ruwa su yi maganar nan a tsanake, gobe da safe ya sa ta a jirgin ruwa. Yana faɗa idonsa yana ƙyalli, don shi da gaske yake ganin kyauta ce ya kawo mata. Ta dube shi tana mamakin yadda mutum zai so ta haka, kuma ya manta cewa yau tukwanen mahaifinta ne a kan wuta, ludayinsu kuma a hannunta yake.

A daidai nan aka fara buga ƙarfe. Barba Nikitas ya riga ya ja tiyo ya maƙala a ƙarƙashin ɗaya fiffiken, amma mai bai hau ba. Yana tsugune a gefen tankar da sifana yana ƙwanƙwasa famfo, yana zaginsa, yana zagin uwar wanda ya ƙera shi, yana kiran waliyyai su zo su ga halin da bawan Allah yake ciki. Kyaftin ya leƙo ta taga yana nuna agogonsa. Tsohon ya ɗaga hannu biyu sama alamar abin ya fi ƙarfinsa, sannan ya juyo ya kashe wa Maruso ido, irin kashe idon da ko daga hasumiya za a gani.

Argiris ya gani. Ya dubi tsohon, ya dubi agogo, ya dubi tudun da hayaƙin tukwane ke tashi. Maruso tana kallon fuskarsa lokacin da ya gane, kuma abin da ta gani a fuskar ya fi maganar jaka zafi. Kafaɗunsa suka sauka. Ya sauke numfashi kamar wanda aka ɗauke wa kaya, murmushin gefen bakin ya dawo.

"To," ya ce a hankali, "in famfo ya lalace, ai ba a hannuna yake ba. Sai mu kwana."

Wayarta tana ta motsi a aljihu, ta san mahaifiyarta ce. Ta hango yadda yammacin zai kasance, sarai kamar a allo. Ta shiga da shi cikin tankar Barba, yana sanye da fararen kayansa na aiki. Mata su yi guɗa, 'yan gidan burodi su haɗiye maganarsu, mahaifiyarta ta sumbace shi a kumatu biyu ta cika masa kwano. Mai goge ya ja, mai sarewar salka ya busa, a tura su tsakiyar fili. Abin da ta kwana tana mafarki bazara uku, ga shi an miƙo mata, ba abin da za ta yi illa ta yi shiru na ɗan lokaci. Kuma duk wanda ke kan tudun nan zai san famfo ne ya kawo shi, don Barba Nikitas ba ya iya riƙe labari ya wuce kofi biyu. Ko da ba wanda ya sani, ita ta sani. Za ta dube shi a gefen fada yana shan romon mahaifinta, ta san cewa da aka bar shi da ƙafafunsa biyu da tikiti a aljihu, tsayawa ya yi.

Ta zare gwiwar hannunta daga hannunsa, ta bi ta ƙarƙashin cikin jirgin ta isa wurin tankar.

"Barba, ba shi mai."

Tsohon ya ci gaba da ƙwanƙwasawa, yana magana ta gefen baki. Ya ce ta yi haƙuri kaɗan ya rage, ta je ta tsaya can ta yi kamar tana waya. Ya ce maza duk haka suke, shi kansa sai da surukinsa ya ɓoye masa jaki kafin ya zauna a teburinsu, ga shi har yau yana tare da matarsa. Ya ce ta tuna da uwarta, wadda ta ajiye kujera ta hana kowa zama, ta riga ta gaya wa rabin ƙauye.

"Ni zan ji da ita. Ba shi mai."

"Za ki hau tudun nan ke kaɗai, su cinye ki da ido."

"Na saba hawa ni kaɗai. Barba, don girman kabarin babana, ka buɗe famfon nan."

Ya daina ƙwanƙwasawa. Sannan ya ajiye sifana, ya miƙe yana dafa gwiwa, ya kai hannu bayan wani murfi ya murɗa abin da shi kaɗai ya san ya murɗe. Famfo ya ɗauka, tiyo ya kumbura. Ya juya mata baya yana goge ido da hannun riga, yana cewa iskar nan ta yau duk yashi ce.

Kyaftin ya ɗaga babban yatsa ta taga. Mirela ta karɓi ƙanƙararta ba tare da ta iya haɗa ido da kowa ba. Argiris yana tsaye a gindin matakala, hula a hannu, iska tana hargitsa masa gashi. Ya yi kyau a wurin har ta ji haushin kyawun nasa. Da ta iso ya fara magana, ya ce shi fa ya yarda zai kwana, me ya sa ta yi haka, ashe ba abin da take so ke nan ba. Ya ce ta ba shi zuwa ƙarshen bazara, in aka ba shi kujerar kyaftin komai zai daidaita. Hawaye sun riga sun zubo mata, ba ta share ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Ta ciro wayar da ke ta motsi ta kashe ta. Barba Nikitas yana naɗe tiyo a bayanta, kyaftin yana jira, injin wutsiya yana ƙara.

Wannan karon ba ta matso kusa da kunnensa ba. Ta tsaya daga inda take ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Hau, Argiris. Ba zan bi ka ba, kuma ba zan riƙe ka da dabara ba. Yanzu zan cire waigin nan da hannuna in ɗaga maka hannu kamar kowane jirgi. Gobe zan sa a mayar da ni ɓangaren manyan jirage, ba za ka sake samuna a ƙarƙashin fiffiken nan ba, kuma na gama haye ruwa don in same ka. Ina son ka, Barba ma ya ji, kyaftin ɗinka ya ji. Amma duk ranar da kake son ganina, da ƙafarka za ka fito ta ƙofar can, ka hau tudu, ka tambayi gidan Annezo."